Maigidana na so ya sake kunna rediyon da aka rufe mana

Hajiya Safiyatu, barkanku da aiki. Don Allah ku taimaka mini da shawara kafin Kirsimeti ta zo, don in ta same ni a haka ban san yadda zan yi ba. Ni Kirista ce, amma wannan fili naku ba ya wuce ni, kuma ban taɓa ganin kun tambayi mutum addininsa kafin ku ba shi amsa ba.

Muna haya ne kusa da kamfanonin Bompai. Maigidana, bari in kira shi Haruna, shi ke gyaran wuta a wani kamfanin roba, ni kuma ina ɗinki, ina cikin zumuntar mata a cocinmu. Irin mutanen nan ne da in ya ga guntun waya a ƙasa sai ya tsince ta, ɗakinmu har ya fi kama da shagon mai gyaran rediyo. Kun san injin kamfani bai san Lahadi ba. Akwai 'yan uwanmu da yawa, masu gadi da leburori, da sukan yi wata da watanni ba su leƙa coci ba saboda aiki. Abin ya tsaya wa Haruna a rai, har ya harhaɗa wata 'yar na'ura, ya kafa eriya a kan tankin ruwan gidanmu, ya riƙa watsa waƙoƙin yabo na Hausa. Yawancinsu mu mata ne muka rera da tulu da kacau-kacau, shi kuma ya ɗauka da waya. Ba wa'azi, ba talla, waƙa kawai. Mu a wautarmu mun ɗauka lasisi na manyan gidajen rediyo ne masu benaye, ba na abin da bai wuce kwalin taliya ba.

Cikin azumin bana, wata rana da la'asar, na'urar ta zame daga inda ya saita ta, ta hau kan tashar da mutanen unguwa ke sauraron tafsiri. Hajiya, alaramma yana jan baƙi, sai ga muryata raɗau ina rera waƙa. Mu ba mu ma sani ba, ina tsakar gida ina yanka alayyahu. Hayaniya kawai na ji, na leƙa, na ga matasa cike da ƙofar gida suna nuna eriya. Ban ga laifinsu ba ma, duk wanda ya ji haka zai ce da gangan ne.

Mai gidan da muke haya, zan kira shi Alhaji Isyaku, dattijo ne mai ciwon ƙafa, ga azumi a bakinsa. Ya sa aka ɗauko masa kujera, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce ba mai shiga. Ya aika Haruna ya kashe na'urar, ya yi ta yi wa yaran bayani cewa kuskuren inji ne, kuma shi ya san mu, har suka watse. Da aka sha ruwa sai ga kunu da ƙosai daga gidansa, ni kuwa kuka ya hana ni ci. Washegari shi ya kai Haruna wajen mai unguwa, daga nan ofishin hukumar da ke kula da gidajen rediyo. A duka wuraren biyu ya tsaya mana, ya ba da kalmarsa cewa ba za a sake kunna komai a gidansa ba sai da lasisi.

Su ma ma'aikatan hukumar ba su wulaƙanta mu ba. Sun karɓe na'urar, sun ja wa Haruna kunne, suka ce ba sa ba coci ko masallaci lasisi, amma akwai hanyar rediyon al'umma, wanda mutanen yanki ke haɗuwa su nema tare, shirin addini ya samu ɗan kasonsa. Nan take Alhaji ya ce a sa sunansa cikin masu nema, ya kuma jawo wasu dattawa da shugabannin ma'aikata. An nema, ana jira. Kullum in na yi addu'a sai na sa mutumin nan da iyalinsa.

To ga damuwata. Kwanan nan ina shara na ci karo da sabuwar na'ura a ƙarƙashin gado, ta fi ta farkon girma. Haruna bai musa ba. Ya ce ranar Kirsimeti kaɗai zai kunna, wannan ba ta zamewa, kuma za ta kai har Sharada da Challawa. Ya ce masu gadi sun dame shi da tambaya, jiran ya ƙi ƙarewa, ko lasisin ya fito ma waƙoƙinmu ɗan lokaci za su samu. Da na tuna masa da Alhaji, sai ya ce na fi tsoron mutane a kan Allah. Wannan magana ta yi mini ciwo ƙwarai. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɓoye mini komai ba sai wannan. In na gaya wa Alhaji na tona asirin mijina, in na yi shiru na ci amanar wanda ya zauna mana a ƙofa. Yanzu ko gaishe shi na je yi ba na iya ɗaga ido. Yaya zan yi?

Mai godiya, daga Bompai.

AMSA

'Yar uwa mai godiya, sannu da ƙoƙari. Na karanta wasiƙarki na ce alhamdulillahi, domin saura ƙiris ranar nan ta zo da wani labarin daban. Allah ya saka wa wannan dattijo da alheri, ya ƙara mana irinsa a unguwanni.

Bari in fara da ba maigidanki haƙƙinsa. Ba ɗan rigima ba ne. Ya ga mutanen da aiki ya raba da wurin ibadarsu, ya yi musu abin da hannunsa ya iya, aka karɓe, aka ce ya jira, kuma jira irin na ofis yana cin rai. In kin zauna da shi, nan za ki fara. Ki nuna masa kin san abin da ke masa zafi, kada ki shigo masa da faɗa.

Amma bai da gaskiya, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ni ba lauya ba ce, sai dai dalilin lasisi a fili yake, ke ma kin gani da idonki: iska ta kowa ce, in kowa ya kafa eriya yadda ya ga dama sai a yi ta hawa kan juna. Da liman ne ya yi haka, amsar da zan ba matarsa ke nan. Ya ce wannan ba ta zamewa. Ai waccan ma ya yarda da ita. Bambancin kawai, in wannan ta yi kuskure za ta yi shi ne har Sharada da Challawa, inda ba wanda ya san ku.

Ko ma ba ta zame ba, eriya ba ta ɓuya. Wanda zai kwana a ciki kuwa Alhaji ne. Shi mai unguwa zai kira, shi hukuma za ta tambaya, shi matasan nan za su ce ya yi musu ƙarya. Bayan haka ko ya sake fitowa dominku ba mai saurarensa, kuma lasisin da ake nema ya tafi ke nan, har da ɗan kason da maigidanki ya raina. Batun tsoron mutane kuwa, kada ya hana ki barci. A addinina da naki, cika alkawari yana cikin tsoron Allah.

Kada ki zagaya ki kai wa Alhaji magana a bayan idon mijinki. Ki gaya wa Haruna a nutse cewa ba za ki iya rufe wannan ba, in ya nace sai Alhaji ya ji, kuma kin fi son ya ji daga bakinsa. In ya ƙi ji, ki nemi fastonku ya sa baki tun da sauran lokaci. Su kuma masu gadi ba a ce a manta da su ba. Ya zuba musu waƙoƙin a memori, ya tura wa masu babbar waya, ku kuma matan zumunta ku nemi izinin kamfanonin ku je ku rera musu ido da ido ranar Kirsimeti. Na tabbata za su fi jin daɗin ganinku.

Ita kuwa na'urar, kada ta ƙara kwana a ƙarƙashin gadonku. Ya ɗauke ta da hannunsa, ya kai wa Alhaji ajiya, ya faɗa masa gaskiyar abin da ya so yi, su sanar da hukuma tare. Zai ji kunya, na sani, amma kunyar zaure ɗaya ce, ta wuce. In Allah ya sa lasisi ya fito, Alhajin ne zai miƙo masa ita, ya kunna a gaban kowa ba tare da ya waiwaya ba.

Allah ya sanyaya masa zuciya, ya bar ku da maƙwabtanku lafiya. A yi Kirsimeti lafiya, ki gaishe mini da matan zumunta.

Hajiya Safiyatu