Ina Sauran Littafin?

Auta,

Bayan gaisuwa, ya jikin Baba? Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ki gaishe min da Inna.

Ni lafiya lau nake. Wanki da gugar otal ɗin ne dai sai a hankali, amma kada Inna ta ji.

Yanzu ke. Littafin da kika aiko min, wanda kika ce duk bana ba ki karanta kamarsa ba, sati uku ina lallaɓa shi. Shafi biyar nake karantawa kullum a hutun rana, zaune kan ƙullin zannuwan gado, don kada ya ƙare. Jiya na kai inda matar nan ta tsaya a ƙofar kotu, na juya shafi, sai bango! An yage sauran. Wallahi sai da na yi jifa da shi. Ba ki duba ba ne? Kin san wata nawa rabon da wani ya yi min magana da harshenmu? Wa zan tambaya a nan?

Ki nemo wani, ki kwafe min ƙarshen da hannunki. Kada ki kuskura ki taƙaita min a waya.

Allah ya shirye ki, ya yi miki albarka.

Yayarki