Birkin da Ya Sha Man Gyaɗa

Zuwa ga ƙanena Mukhtari,

Bayan gaisuwa, ina fatan Inna da mutanen Danchadi suna lafiya. Mu ma nan Fatakwal lafiya, sai aiki da ya tsaya. Ci sau ɗaya bai kashe kowa ba.

Arzika direba ya ce birkin bayan babur ɗina ya dame ka da ƙara, ka ɗura masa man gyaɗa, ka zarce cikin lambun albasa. Haba Mukhtari! Ai gara ƙara da santsi. Ni ma da laifina, na bar maka tayar baya tana rawa.

Don Allah kada ka goya Inna zuwa asibitin Boɗinga a kansa. Ɗora ta bisa jaki. Shi in an ce tsaya, yana tsayawa.

Allah shi tsare ku.

Yayanka, Zubairu