Ina Shan Maganina, Amma Ɗana Bai Yarda Ba

Assalamu alaikum 'yata. Ki taimaka mini da shawara, don ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni tela ce, shekaru sun ja. Tun da maigidana ya rasu bara, ni kaɗai ce a gida, sai keken ɗinki da rediyo. Jiri ya dame ni, ko zare ba na iya zurawa sai na huta. Likita ya ce jinina ne ya yi ƙasa, ya ba ni ƙwayoyin ƙarin jini. Wallahi ban taɓa tsallakewa ba. Kullum da safe nakan haɗa shayi mai kauri da madara in kora su. Gaskiya shayin ne abincina yanzu, don girkin mutum ɗaya ba daɗi. Sai in ɗora tukunya, in tuna ba mai tambaya ko ta nuna, in sauke.

Da na koma asibiti aka ce jinin yana nan inda yake. Likita ya dube ni kamar yarinyar da ta ɓoye magani ƙarƙashin filo. Babban ɗana, da ke aiki nesa, ya bugo waya yana faɗa, wai zubarwa nake yi, wai zai kwashe ni zuwa wajensa, a rufe gidan nan. Ni da na ɗura masa magani yana yaro yana tsala ihu! Na kashe wayar na yi kuka. Ko jikina ne ya daina karɓar magani? Ko tafiyar ce ta matso?

Uwa mai ɗinki

Wa alaikumus salam Mama. Allah Ya jiƙan Baba. Ni dai na yarda kina sha.

Haɗiye magani daban, shigarsa jini daban. Ƙwaya takan narke a ciki, ta gangara hanji, daga nan jiki ke tsotse ta zuwa jini. To shayi da madara sukan riƙe sinadarin ƙarin jini a hanya, kaɗan ya shiga, sauran ya fita a bayan gida. Wataƙila jikinki bai gaza ba, ɗan rakiyar ne ya tare ƙofa. Ki riƙa sha da ruwa, ki bi da lemon zaƙi in akwai, ki jinkirta shayin kamar awa biyu.

Amma kada ki tsaya a maganata. Ki koma wa likita ki faɗa masa da me kike sha, da abin da kike ci, ba kunya. Ki roƙe shi ya bincika ko jinin yana zuba ta wani wuri. Kada kuma ki ƙara yawan ƙwayar da kanki.

Ɗanki ya yi kuskure da ya ƙaryata ki. Sai dai wanda bai daɗe da binne uba ba, tsoro ke sa shi ɗaga murya. Ki kira shi ki yi masa bayani, ki gaya masa maganarsa ta yi miki ciwo. Batun tashi daga gida kuwa, da ke za a yanke shi.

Sannan Mama, ƙwaya ba ta maye gurbin tukunya. Ki samu maƙwabciya ko ɗaya cikin masu kawo ɗinki, ki ce ta zo ku ci na rana tare. Hannu biyu a kwano sun fi kowane maganin buɗe ciki. Allah Ya ba ki lafiya, Ya kawo miki abokiyar hira ta gari.