Ya Goge Tambarin Kwanon Kakana

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da maƙwabta za su ji mu. Ina rubuta miki cikin takaici, shi kuwa wanda ya ɓata min rai yana falo yana kallon ƙwallo kamar bai yi komai ba.

Akwai wani kwanon gilashi da na gada daga mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Shuɗi ne, mai nauyi, da wani farin zare da ya kewaye shi daga ƙasa har baki, in rana ta haska shi sai ki ga 'yan ƙananan kumfa a cikinsa. Tun muna yara take gaya mana mahaifinta ne ya hura shi da bakinsa, lokacin da yake aiki a masana'antar gilashi. Ni ban tashi na ga kakan nan ba, ko hotonsa babu, kwanon nan kaɗai gare ni. Yayana kuwa duk sanda aka haɗu sai ya yi min dariya, wai kwanon kasuwa ne, wai Mama ta iya ƙara wa labari gishiri. Abin yana ci min rai, domin ba kwano yake ƙaryatawa ba, uwarmu yake ƙaryatawa.

Kwanakin baya na samu wata mata mai shagon tsofaffin kaya wadda ta san gilashi. Na kwatanta mata, ta ce in kawo, a ƙasan kwano ake gane asalinsa. Kuma lallai a ƙasan nawa akwai wani tabo mai kaifi, kusa da shi ga ɗan tambari, kamar sawun tsuntsu a cikin da'ira. Ko ganye ne? Wallahi yanzu ba zan iya rantsewa ba, abin da ke ɗakinka ba ka ƙare masa kallo.

To mijina bakanike ne, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Fanka na juyawa lafiya lau, sai ya kwance ta ya ga dalili. Na gaya masa zan kai kwanon a duba, na tafi aiki. Ina dawowa na tarar da shi yana washe baki, ga kwano a kan tebur sai sheƙi yake. Ashe gareji ya tafi da shi, ya sa injin da yake goge fitilun mota, ya mayar da ƙasan sumul. Babu tabo, babu tambari! Wai tabon yana karce tebur, kuma ba ya so in kai wa masana abu mai kaushi su raina ni. Wa ya aike shi? Kwanon da ya girme shi, ya girmi ubansa, shi ne zai yi wa gyaran fuska?

Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Abin da ya fi ƙona min rai, har yau cewa yake ai ya fi kyau haka. Tun ranar ban ce masa uffan ba. Surukata ta ce a kan kwano zan kashe aurena, yayana kuwa in ya ji na shiga uku da gori. Kunya ta hana ni komawa shagon. Anti, shi ke nan ba zan taɓa sanin ko gaskiya Mama ta faɗa ba?

'Yarki mai takaici

*

'Yata, fushinki yana kan hanya, kuma ba zan ce miki ai kwano ne kawai ba. Tabon nan da mijinki ya ɗauka aibi ne, cibiyar kwanon ce: nan ne mai hura gilashi ya ɓalle shi daga sandarsa. Tsohon gilashi ba a goge shi, ba a kankare shi, ruwa mai ɗumi da ƙyalle mai laushi sun ishe shi. Ya taɓa gadonki bai tambaye ki ba, ya yi laifi, kuma ya daina wannan magana ta ya fi kyau. Garin gyaran gira ya rasa ido, sai ya ba da haƙuri.

Amma ki yi masa adalci. Ba raini ya sa shi ba, gudun kada a raina ki ne. Surukarki ma da gaskiyarta ta wani ɓangaren, gaba a cikin gida ba ta taɓa gyara komai ba.

Ki cire kunya ki koma shagon da kwanon, ki faɗa wa matar abin da ya faru, ta ga irinsa da yawa. Kumfan ciki, kaurin gilashin, launinsa, yadda aka murɗa farin zaren, da ko akwai layin haɗi a jikinsa, duk suna nuna ko aikin hannu ne, da zamaninsa. Sai dai ki sani, tambari yawanci masana'anta yake nunawa, ba sunan ma'aikaci ba. In ya dace da inda kakanki ya yi aiki, ya ishe ki shaida a gaban yayanki.

Tambarin kuma bai gama ɓacewa ba. Ke kin ce ba ki tuna ko sawun tsuntsu ne ko ganye. Wanda ya kifa kwanon a ƙarƙashin fitila, ya zuba masa ido yana bin sa da inji, ya fi kowa a duniya sanin kamanninsa, kuma idon bakanike yana riƙe siffa. Shi ne mutumin da kika daina yi wa magana. Kowace rana da kika ƙara kina shiru, zanen yana dusashewa a kansa. Yau ɗin nan ki ajiye masa biro da takarda, ki zauna kusa da shi ya zana miki, faɗan ya biyo baya.

Allah ya huci zuciyarki, ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ki ji abin da zai faranta miki rai.