Motar Yaya Ta Fi Ƙarfin Ƙofa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Anti da yara, da fatan kowa lafiya. Ka san waya ba ta kamawa a bayan duwatsun nan, shi ya sa na ba direban motar madara wannan takarda.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, idon Mama ya ƙara rufewa. Jiya gishiri ta zuba a shayi, ta daure ta shanye don kada in gane. Likitan da ya zo duba mutane ya ce yanar ido ce, ana cire ta a babban asibitin da ke kusa da ku, amma in aka bari ta wuce damina ba ya ɗaukar alkawarin komai. Babur ba zai yiwu ba saboda ƙugunta, motar madara kuwa iyakarta tsallaken rafi.

Kai ka ce ka sayi tsohuwar motar jif musamman don wannan hanya. To ga hadari ya fara haɗuwa, kuma in rafin nan ya cika sai wata shekara. Mama kullum tana bakin ƙofa, duk ƙarar da ta ji sai ta ce, "Ko shi ne?" Ni na gaji da ce mata a'a.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Autar Mama,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, takardarki ta same ni a ƙarƙashin mota, kin ga shaidar baƙin mai a gefen wannan.

Ki kwantar da hankalinki. Ke kin san hanyar nan da ƙafa, ni na san ta da taya. Motar da za ta ɗauko Mama ba a yi mata aikin gaggawa. Na cire ƙananan tayoyin na sa manya masu haƙora. Da na sa su sai suka riƙa gugar bodi, dole na canja sifirin na ɗaga ta sama. Da ta ɗagu sai sitiyari ya fara rawa, na kwance shi na gyara. Na ja mata bututun shan iska har saman gilashi, ko ruwa ya kai ƙirji injin ba zai shaƙe ba. Na ɗaura injin ja da igiyar ƙarfe a gaba saboda taɓo. Kujerun baya na fitar da su na shimfiɗa katifa, Mama a kwance za ta zo kamar a ɗakinta.

Abin da ya rage kaɗan ne, kariyar ɗora kaya nake yi mata walda a sama don safayar taya. Duk wannan a tsakar gidana, da hannuna, ba bakaniken da ya taɓa ta! Ki ce wa Mama ina tafe. Sannu ba ta hana zuwa.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ka manta ka ƙarasa karin maganar: sai dai a daɗe ba a je ba.

An yi ruwan farko. Rafi ya kai idon sawu, yau ya kai ƙwauri. Ni ban tambaye ka haƙoran taya ba. Mama ta haɗa kayanta a jaka, a kanta take yin matashi. Wallahi raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji.

Auta

*

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Ni ce, matar yayanki. Bai san na rubuto ba, shi kuma ba zai iya gaya miki da bakinsa ba.

Mota dai ta gamu, sai ka ce giwa a tsakar gida, ko wurin shanya ban da shi. Ranar da ya tayar da ita maƙwabta suka taru, ya ɗaure jakarsa, ya yi mana sallama, ya ja ta zuwa ƙofa. Sai ƙwas! Kariyar ta daki dogon simintin nan da ke saman ƙofarmu. Ƙanwata, mutumin nan ya auna zurfin rafinku, ya auna tudun hanyarku, bai auna ƙofar gidansa ba. Lokacin da ya shigo da ita ai gajeruwa ce.

Aka sace iskar tayoyi, aka cika ta da samarin unguwa don ta danne, duk da haka da saura kamar tafin hannu. Na ce a yanke kariyar, ya ce walda ce, sai dai a yanke da rufin. Na ce to a fasa saman ƙofar, ya ce bari ya yi tunani. Ya koma yana zagaya ta da ma'auni, wai zai haƙe ƙasan ƙofa. Da na waiwaya sai na gan shi yana kwance fitilu, wai haskensu bai isa ba.

Nan na gane ba ƙofa ce ta tare shi ba. Na ce, "Baban yara, me kake gudu?" Sai ya ce, "Rabona da Mama ita ke sa min zare a allura. Ban san yadda zan gan ta tana lalube ba." Kin ji mutumin da ke cika baki. Na tausaya masa, amma tausayi ba ya buɗe ido.

Sai na ɗauko babbar gudumarsa, na tattare zani, na hau kan kariyar tasa, na kai wa simintin nan duka. Ko gezau bai yi ba, hannuna ne ya sage. Yayanki ya ce, "Sauko kafin ki karya min gilashi!" Ya karɓa. Yanzu haka da nake rubutu ƙura ta cika gida, yana ta bugu kamar da gaba. Ki gyara wa Mama jakarta.

Ki gaishe min da ita da kyau.
Antinki

*

Anti,

Allah ya saka miki, ya ƙara wa hannun nan ƙarfi. Ga takarda a hannun Yaya, ni ba zan biyo su ba, ya cire kujerun, kuma ga makarantarmu ba a yi hutu ba.

Rafi ya kai ƙugu da Yaya ya iso. Muna tsallake muna kallo ya kutsa ciki, ruwa har kan bonet, sai ga motar ta fito tana huci. Kar ki gaya masa na yaba.

Amma Anti, tsugune ba ta ƙare ba. Aka buɗe ƙofar mota, matakinta a ƙirjina yake! Mama ta ɗaga ƙafa ta kasa. Aka kawo kujera, ƙugu ya ƙi. Ta shafa tayar ta ce, "Wannan mota ce ko bene?" Yaya ya tsaya yana waige-waige, na san wani abin zai ce a ƙera. Na ce, "Yaya, hadari!" Sai ya sunkuya ya ɗauke ta cak. Na ga fuskarsa ta canja, bai zaci ta yi rashin nauyi haka ba.

Maganin ƙugunta na aljihun jaka. Ba ta son a riƙe mata hannu a gaban mutane, ki bar ta ta dafa kafaɗarki. An fara yayyafi, bari in miƙa masa.

Taki, Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Mun ƙetare da ƙyar, rafi ya rufe a bayanmu. An yi aiki. Ido ɗaya ya samu, ɗayan likita ya ce mun makara.

Yau aka cire bandeji. Ta gane Antinki, ta gane yara. Ni ina tsaye a ƙarshen gado, ta daɗe tana kallona, sai ta jawo Antinki ta ce a hankali, "Wannan dattijon mai furfura, da wa ya zo?"

Ni take nufi. Na matso, na durƙusa a gefenta.

Ki yi mana addu'a.
Yayanki