Dara a Cikin Kwamfutar Kwatano

Laraba, 9 ga Afrilu, 2025
Ɗana Bunyaminu ya kawo min tsohuwar kwamfuta daga kasuwar Tsamiya, kwancen Kwatano. Wai an sa dara a ciki, in riƙa yi a gida tunda na bar zuwa gindin ɗorawa, mazaunin ƴan dara. Ni da ko ƙofar boko ban taɓa leƙawa ba, ajamin nan ma da bulala na same shi. Ya nuna min inda ake dannawa. Na ɗora ta bisa buzuna, abu mai tsada ba a aje shi ƙasa.

Jumma'a, 11 ga Afrilu
Ta iya wasa, ban hana ta ba. Amma da na kusa jera uku sai fuskarta ta daskare, wasan ya ɓace. Kullum haka. Halin abokin darata Arzika sak, shi ma in ya hango kaye sai fitsari ya kama shi.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Ta fiddo wani rubutu, Bunyaminu ya ce Faransanci ne, shi Turanci ya karanta. To mi anka yi ke nan? Ya goge wasan ya sake sawa, ya canza caja. Banza.
Tun muna samari muke dara da Arzika a nan Kurgu, amma bara ya tashi gaban jama'a ya ce na zame masa karan dara da munka tashi la'asar. Ni? Ban zame ba. Har gobe ban zame ba.

Talata, 15 ga Afrilu
Zafi. Ta mutu tun ban gama dasa ƴaƴana ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Surukata Bashira ta kawo fura, ta tsaya tana shinshina. "Baba, babbaka kake yi a ɗaki?" Ta ɗaga kwamfutar, gindinta kamar tanda, gashin rago ya toshe ƴan ramukan da take shan iska. Ta tsince da tsinke, ta ɗora ta bisa bulo biyu. Na ce ai na lura tun jiya.
Tana fita ta ce wai Dela, ɗiyar Arzika, za ta ɗauke shi zuwa wurinta Segbana, can ƙasar Benin, kafin ruwa ya sauka, ƙafafunsa sun kumbura. Wa ya tambaye ta?

Asabar, 19 ga Afrilu
Ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Na cinye ta tas. Na ce, "Ɗan banza, ka ga maza!" Sai wata ƴar ƙara ta yi, ɗin, ta sake shimfiɗa sabon wasa. Ba zagi, ba rantsuwa, ba a ce sa'a ce. Na daɗe ina kallon ta. Na rufe.

Litinin, 21 ga Afrilu
Na bi ta gindin ɗorawa, hanyar masallaci ce, ba don kowa ba. Arzika yana nan, ya rame, ƙafa bisa buhu.
"Ɓarawon kara, inji ya kore ka?"
"Makaho, gyara min wuri."
Shi ya fara tona gurabe, ya gaji, sai na ƙarasa. Ya ci ni biyu. Na biyun na ga inda zan tare, ban tare ba, rana ce ta shiga idona.
Ban ce mun shirya ba. Segbana dai ba nisa, Ma'azu mai kabu-kabu ya ce yana zuwa duk ran kasuwa. Tambaya kawai na yi.