Kada Ku Sake Ɓoye Mini

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Ya ƙarin haƙurinmu?

Jiya malamarmu ta tarihi a nan Alƙahira ta karanta mana wasiƙun wata Ba'amurkiya 'yar ƙauye ta ƙarni na sha tara. Mahaifinta ya rasu da damina, ba ta ji ba sai bayan girbi. Da kuka na bar ajin. Ita nisa ne ya hana ta ji. Ni kuwa ga waya a hannuna, amma aka ɓoye mini rasuwar Baba har na gama jarrabawa.

Don Allah Yaya, in jikin Inna ya tsananta, ki kira ni ko ina cikin jarrabawar. Ku sa ni a addu'a. A gai da Kawu.

Ƙanwarki,
Bilkisu